Aron Tukunyar Hajiya

Maigidana ya rasu da bazara, shekara guda bayan an karya darajar kuɗin sefa, lokacin da kowa a Gure yake yanka sabulu gida biyu kafin ya saya. Tela ne. Keken ɗinkinsa shi ne dukiyarmu duka, kuma shi muka sayar muka kai shi asibiti a Damagaram, inda ya kwana tara ya cika. Ya bar ni da yara uku, maza biyu da ƴar goye, da kuma tsohuwarsa da nake kira Inna. Mutane kan yi mamakin yadda nake da uwar mijina. Mun yi faɗa a kan gishiri, mun yi faɗa a kan yadda ake goya yaro, amma tun ranar da aka kawo ni gidan daga Bune ba ta taɓa cin abu mai daɗi ba ta ɓoye mini rabi a gefen zane ba.

Na fita takaba gero yana fitar da kai. Kwana uku bayan haka wan maigidan ya zo daga Gamu. Yaya nake ce masa. Manomi ne, dogo, mai ƙarancin magana, irin mutanen da in sun zauna sai ka ji kamar an ƙara bango a ɗaki. Ya zauna a zaure da Inna, ni kuma na durƙusa daga bakin ƙofa.

Ya ce, "Ba ƙwace zan yi miki ba, kin ji ko? Amma yara ba sa cin kuka da hawaye. In an gama yankan gero zan zo da amalanke. In na tarar kina da abin riƙe su, shi ke nan. In babu, mazan su bi ni, Inna ma ta bi ni, ke ki koma Bune da ƙaramar."

Na ce, "To, Yaya." Abin da ake cewa ke nan. A cikina kuwa wuta ce take ci. Na koma madafa na yi ta dakan barkonon da ya riga ya daku, har Inna ta leƙo ta ce in ji tausayin turmin, ba shi ya yi maganar ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gaskiyarsa. Ba mu da komai. Dabara ɗaya ce a kaina: in karɓi kaya a kantin wani Alhaji ɗan Damagaram da ke bakin kasuwa, sabulu da sukari da ganyen shayi da ashana, in riƙa sayarwa a gida, in na sayar in kai masa nasa in sake karɓa. Mata da yawa da haka suke riƙe da gidajensu. Sai dai ba kowa yake ba wa ba, kuma a ƙofar kantin nan akwai benci da dattawa ba sa tashi daga kansa sai kiran salla. In ka roƙa aka hana ka da hantsi, kafin la'asar mai tallan goro ma ta sani, ranar kasuwa kuma labarin ya hau jaki ya tafi Gamu. Hani ɗaya ya isa ya raba ni da ƴaƴana. Ina so in san amsa kafin in yi tambaya, kuma ban san inda ake samun wannan ba.

Yanzu ƴata, wadda take goye a lokacin, tana gaya mini wai a birni mutum kan duba a waya ya ga ko banki zai yarda da shi. Mu wayarmu Inna ce.

Ina tsince shinkafar da ba ta kai cikin hannu biyu ba na gaya mata damuwata. Ta ce, "Ke yarinya ce. Wa ya ce miki ana tambaya? Aro ake yi."

"Aron me, Inna?"

"Aron abin da ba kya buƙata. Ki je ki ari abu, ki sa ido ki ga yadda za a ba ki. In an ce me za ki yi da shi, to ana son ki amma ana tsoron hannunki. In an ce yaushe za ki dawo da shi, ki kama kanki, ba ki kai ba tukuna. In an haɗa ki da wani ya raka ki, wannan ba rakiya ba ce, gadi ne. In kuwa an ce ɗauki, mai abu ba ta ko ɗago kai ba, to sunanki na da nauyi a gidan. Ki ajiye shi kwana biyu, ki wanke ki mayar. Ba ki biya ko dala ba, ba ki zubar da mutunci ba, kin kuma ji abin da kike son ji."

Ta ce a fara da ƙarami a hau a hankali, gida bayan gida, har a kai gidan da ake nufi. Gidan da nake nufi kuwa na Hajiya ne, matar mai kantin, don duk garin an san Alhaji ba ya ba wa mace kaya sai ya ji ta bakinta.

Na ari rariya a maƙwabta, aka ba ni. Na ari taɓarya a gidan liman, aka ba ni. Na dawo na jera su a tsakar gida ina kallo, na ji kamar ana yi mini wasa da hankali. Rariya ai ko mahaukaciya ta zo nema a ba ta. Ga shi an fara yankan gero, kullum sai na ga dammuna suna shigowa gari a kan jakuna, kowane dami yana rage mini kwana. Ni kuma tun ina ƙarama ba a san ni da haƙuri ba. Sai na ce a raina, me zai sa in yi ta hawa tsani ɗaya-ɗaya? Bari in tafi can sama kawai.

Hajiya tana da wata tukunyar dalma da duk Gure aka sani. Daga Kano aka zo da ita a kan kamiyo, babbar motar kaya. Yaro ɗan shekara biyar zai zauna a ciki a rufe ba a gan shi ba, kuma ana cewa kuɗinta ya kai kuɗin sa guda. Ba ta fita sai bikin manya. Ban gaya wa Inna ba. Ranar kasuwa da hantsi na goya ƴata na tafi.

Na tarar da Hajiya a kan tabarma tana ƙulla gishiri a leda, tabarau a kan hanci. Muka gaisa, ta yi mini ta'aziyya karo na ba adadi, ta tambayi Inna da ƙafa. Na ce, "Hajiya, babbar tukunya na zo aro."

Hannunta bai tsaya da ƙulli ba. Ta ce, "Tana ɗakin ajiya. Ki haɗa da murfin, da babbar muciyar da ke rataye."

Na tsaya ina jiran sauran maganar. Babu. Ba ta ce me za a yi ba, ba ta ce yaushe ba, ba ta kira kowa ya bi ni ba. Na ji ƙwalla ta taho, na yi sauri na sunkuya kamar ina gyara goyo.

Abin da ban yi tunani ba shi ne yadda za a kai ta gida. Rariya a ƙarƙashin mayafi take tafiya. Wannan kuwa sai da na roƙi wata ƴar unguwarmu ta kama kunne ɗaya na kama ɗaya, kuma hanyar gidanmu ta gefen kasuwa take bi. Wanda ya san rairayin Gure ya san yadda yake cin ƙafa. Taku ashirin mu ajiye mu huta, taku ashirin mu ajiye. Mun ajiye a gaban mahauta, mun ajiye a gaban masu dabino, mun ajiye daidai bencin dattawan nan da nake gudu. Murfin yana ta ƙara kamar ana shela. Ba wanda ya ce mini komai sai sannu, amma na ga wani tsoho ya cire hula ya shafa kai yana kallona.

Da Inna ta ga abin da ya shigo mata gida sai ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Ni na ce ki ari tukunyar biki? Tasa nake nufi, ƴar tasa! Da rana tsaka, ranar kasuwa? Ke wace irin mutum ce?"

Na ce, "Inna, ba ta ɗago kai ba."

Ta ce, "Ita ba ta ɗago ba, amma gari ya ɗago."

Ban gane ba sai da la'asar, da Bafulatanar da ke kawo mana nono ta yi sallama. Ta sauke ƙwarya, ta fito da curin man shanu a nannaɗe da ganye ta ajiye a gabana. Na ce ba ni da kuɗinsa. Ta ɓata rai ta ce wa ya yi mini maganar kuɗi, na sadakar ne.

"Wace sadaka?"

"Ta marigayi mana. An ce Juma'a."

Har yau ban san wanda ya sa wannan rana ba. Abin da ya faru shi ne, da aka yi arba'in ɗin maigidan ba mu iya komai ba sai ƴar gumba da muka raba wa yaran unguwa, kuma ashe abin ya tsaya wa mutane a rai. Da suka ga babbar tukunya ta shiga gidan matar da ta fita takaba, sai suka ce ai sadakar da ba a samu yi ba ce za a yi yanzu. Wani ya ce Juma'a ta fi dacewa, wani ya ji ya ce an ce Juma'a.

Washegari tun da safe aka fara. Wani tsohon Babarbare mai lambu a kwari ya zo da jakinsa, ya sauke albasa da kabewa biyu a zaure. Hausarsa ba ta da yawa. Ya kama wuyan rigarsa ya nuna mini wani faci, ya ce maigidan ne ya yi masa, sau uku, bai karɓi komai ba. Mahauci ya aiko a gaya mini kada in sayi nama. Mushen lakwal, wato malamin makarantar babban ɗana, wanda kowa ya san ya yi watanni ba a biya shi ba, ya shigo da damin itace a kansa, da rigarsa ta aiki, yana ba ni haƙuri wai abin ba yawa. Mata kuwa tiya-tiya suke kawo gero, kowace ta zuba ta ce Allah ya kai haske kabarinsa, ta tafi kafin in buɗe baki. Wata ta ce mini ba don shi kaɗai ba ne, ita ba ta manta daren da na kwana riƙe da ita tana naƙuda ba. Ni na manta.

Duk wanda ya shigo sai in ji kunya ta ƙara danne ni. Na ɗauki sunan mamaci na yi gwaji da shi, ko da ba da niyya ba. Mutanen da su ma ba su da shi suna cire na bakin ƴaƴansu suna kawo mini saboda ƙaryar da ban yi ba amma ban ƙaryata ba. Kuma wani tunani ya shige ni da ya fi wannan ciwo: wataƙila Hajiya ma abin da ta zata ke nan. In haka ne, ba yarda ta sa ta ba ni ba, tausayi ne, kuma duk wahalar da na sha a rairayi ban ji komai ba.

Inna ta ce in yi shiru in dafa. Na ce ba zan iya ba. Na ɗauki mayafi na koma gidan Hajiya, na durƙusa na gaya mata komai, tun daga amalanken Yaya har rariya da taɓarya. Ina magana ina kuka, irin kukan haushi, don ni in na ji kunya haushi yake zame mini.

Hajiya ta cire tabarau ta yi dariya har da tari.

Ta ce, "Ƴata, kina tsammani ke kika fara? Tukunyar nan sau nawa ta fita ta dawo mini gindinta fari tas, ko toka babu? Ina kifa ta in duba, in yi shiru. Su dai sauran suna da wayo, da asuba suke zuwa."

Na ce, "To Hajiya, ashe kin sani."

"Tun da kika yi sallama. Mai sadaka ba ta zuwa ita kaɗai bakinta na rawa."

Na yi ƙarfin hali na ce, "Ba don tausayi kika ba ni ba?"

Ta daina dariya. Ta ce, "Tausayi kwanon tuwo nake ba shi. Tukunyata ba na ba shi. Shekara nawa kina aiko mini da ɗinkin da mijinki ya gama, da ragowar yadin a ninke a ciki, ko da bai kai tafin hannu ba? Ina gani. Ki je ki dafa wa mutane abincinsu, ba ƙarya ba ce in kin dafa. Maganar kaya kuma ki bar mini Alhaji."

Ta haɗa ni da galan na man gyaɗa. A hanya na tsaya a inuwar wata bishiyar bedi na share fuska da kyau, don kada a ce Hajiya ta kore ni.

Ranar Juma'a muka yi burabusko, abincin ɓarzajjen gero. Mata shida suka yi ta surfe da ɓarza tun Alhamis, Inna tana zaune a kan kujera ƴar tsugune tana ba da umarni kamar ita ta shirya abin tun farko. Bayan an sauko daga masallaci aka cika ƙofar gida, aka yi addu'a, aka ci. Ina tsaye a madafa ina jin ana ambaton maigidan, ana dariyar yadda yake riƙe allura a baki yana ba da labari. Rabona da in ji an yi dariya a kan sunansa tun kafin ya kwanta. Na ji daɗi, na kuma yi kewarsa fiye da ranar da aka binne shi.

Ana cikin haka babban ɗana ya shigo da gudu ya ce Baba na Gamu ya zo. Na leƙa. Amalanke ne a gindin bishiya, da sa, da igiyoyin ɗaure kaya.

Labarin ya kai masa ranar kasuwarsu. Ya zauna cikin mutane ya ci, bai neme ni ba sai da aka watse. Da ya kira ni zaure fuskarsa ba walwala.

Ya ce, "A yi sadakar ƙanina, in ji a bakin masu jakuna?"

Na ce, "Yaya, ni ma a bakin mai nono na ji."

Inna ta ƙyafta mini ido in yi shiru, amma na riga na gaji da ɓoyo. Na gaya masa yadda aka yi, ban rage ba. Na gaya masa abin da Hajiya ta ce game da kaya, na kuma ce har yanzu ban ga ko sabulu ɗaya a hannuna ba, kada ya ɗauka na fi yadda nake.

Ya ce, "Duk abin nan da aka ci, ba ki sayi komai ba?"

"Ko gishiri."

"Ba ki roƙa ba?"

"Ban roƙa ba."

Ya ce to, ya tashi ya tafi salla. Ni kuma na san abin da ya ce tun farko: in ya tarar ina da abin riƙe su. Alkawarin Hajiya ba abin riƙewa ba ne. Kafin magariba na tattara kayan mazan nan biyu, riguna da allo da takalman roba, na ɗaure a tsohon zanena. Na ja ƙullin da duk haushin da ke cikina. Ban gaya musu ba. Na ba su sauran naman da na ɓoye, na zauna ina kallon yadda suke ci.

Da safe na ji Yaya yana ɗaura wa sa amalanke. Na fito da ƙunshin na ajiye a bakin zaure. Babban ɗana yana tsaye kusa da shi yana riƙe masa igiya. Yaya ya dafa kan yaron, ya juya fuskarsa wajen haske yana kallo. Sai a lokacin na lura da abin da yake gani, goshin da kunnuwan duk na ƙaninsa ne. Na tuna shi ya goya maigidana suna yara, shi ya kai shi koyon ɗinki a ƙafa. Duk watannin nan ina ganin mutum ne da zai raba ni da nawa, ban taɓa tunanin shi ma an raba shi da nasa ba.

Ya saki yaron ya ce, "Ku kamo mini tukunyar mutane, in sauke ta a hanya. Ba a mayar da irin wannan a hannu."

Muka ɗora ta, baƙa ƙirin har wuya duk da wankin da na yi mata. Ya ɗaure ta da igiyoyin da ya zo da su. Sannan ya dubi ƙunshin da ke bakin zaure, ya dube ni.

"Wannan fa?"

Na sunkuya zan ɗauko masa.

Ya ce, "Mayar ciki. In an yi hutun lakwal ki turo mini su, ko sati biyu ne. In gan su kawai."

Muryarsa ta karye a kan kalmar ƙarshe, ya yi sauri ya kaɗa sa. Yaran suka bi shi da gudu har kwana suna rigimar wanda zai hau kusa da tukunya.

Na ɗauki ƙunshin na shiga ɗaki na zauna zan kwance. Ƙullin ya ƙi. Na sa farce, na sa tsinke. Inna ta shigo ta tsaya a kaina, ta ce in kawo wuƙa a yanke. Na ce a'a. Na sa haƙori na yi ta ja, ina kuka, zanen ya jiƙe a bakina, har ya saki.